Eriyar waya mai zango uku a fili ɗan ƙarami

Tun da na samu lasisin rediyon masu sha'awa, babu abin da ya ɗaure mini kai kamar batun eriya, domin filin da nake da shi bai wuce mita 14 a tsawo ba, alhali eriyar da ake kira difol, wato waya mai hannu biyu da kebul ke haɗuwa da ita a tsakiya, idan za ta yi aiki a zangon mita 40 (ɗaya daga cikin rukunan tashoshin da aka ware wa masu wannan lasisi), tana buƙatar waya mai tsawon kusan mita 20. Lissafin ba shi da wuya: a raba 143 da yawan megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sigina) na zangon, abin da ya fito shi ne tsawon wayar gaba ɗaya. A megahaz 7.1, wato zangon mita 40, ana samun mita 20 da 'yan kai, a 14.2 kuma, wato zangon mita 20, kusan mita 10.

Na daɗe ina kallon wannan gibi na mita 6 a matsayin ƙarshen magana, har sai da na fahimci cewa ba dukkan sassan waya ne ke aiki daidai wa daida ba. Wutar da ke gudana a cikin difol ta fi ƙarfi a tsakiya, inda kebul ke haɗuwa da ita, sannan ta riƙa raguwa har ta kusan ƙarewa a bakin wayar, saboda haka tsakiyar ce ke fitar da mafi yawan sigina. Wannan ne ya sa na ɗaga tsakiyar a kan sanda mai tsayin mita 8, na sauko da hannuwan biyu a karkace zuwa tsayin mita 3, ragowar wayar da ta rasa wuri kuma na lanƙwasa ta gefe. Asarar da lanƙwasar ta jawo kaɗan ce ƙwarai, kuma a ganina wanda yake da ƙaramin fili ya fi kyau ya kashe ƙarfinsa wajen neman tsayi fiye da neman miƙewar waya.

Domin samun zango na biyu, wato na mita 20, na ƙara wata waya mai mita 10 a mahaɗa ɗaya da ta farko, na raba su da guntayen bututun roba. Zangon mita 15 kuwa kusan kyauta ya zo, tunda megahaz ɗinsa 21 ninki uku ne na 7 da doguwar wayar ke aiki a kai, ko da yake na'urar daidaita eriya tana ɗan taimakawa a wurin. Balun mai 1:1, wato 'yar na'urar da ke shiga tsakanin kebul da eriya, na sa a mahaɗar, don kada kebul ɗin ya zama wani ɓangare na eriyar ya kwaso hayaniyar kayan lantarki.

Wurin datsa ne na yi kuskuren da har yanzu nake jin zafinsa. Na fara da gajeriyar waya, na yanke ta daidai lissafi, da na taɓa doguwar sai awon SWR (ma'aunin da ke nuna ko eriya ta daidaita) na gajeriyar ya kauce, ga shi babu sauran wayar da zan ƙara. Wayoyin suna shafar juna, don haka doguwar ake fara daidaitawa, a bar kowane hannu da rarar santimita 30, a naɗe bakin maimakon a yanke, a kuma yi kowane awo bayan an ɗaga eriyar zuwa tsayinta na aiki, domin kusancin ƙasa yana sauya sakamakon.