Yau Mun Kashe Inji da La'asar

Alhamis, 1 ga Mayu, 2025

Ranar ma'aikata ce yau, amma a nan gefen Kura injin casar shinkafa bai san hutun gwamnati ba. Tun bayan asuba aka tayar da janareta, don akwai buhunan 'yan kasuwa da suka kwana a layi. Zafi kuwa ba a magana, kafin hantsi simintin shanya ya fara ƙona ƙafa.

Rediyon ofis ya wuni yana kawo labarin fareti. Mutane da yawa sun manta cewa a Kano aka fara ba da hutun wannan rana, a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kafin gwamnatin Shagari ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Sai dai masu faretin 'yan albashi ne. Namu ma'aikatan, masu turara shinkafa da masu shanya da 'yan dako, ba su da ƙungiya, ba mai kiran sunansu a lasifika. Shi ya sa na daɗe ina roƙon Alhaji, mai injin, ya bar ni in tsayar da aiki na ɗan lokaci yau, mu gode musu.

Da farko bai so ba. Ya ce, "Malam, in alheri ne a sa a ambulan a miƙa wa kowa a ɓoye, taro na jawo hassada." Na ce, "Ranka ya daɗe, ambulan zai shiga cefane ya ƙare kafin Juma'a ta zagayo. Abin da nake so su ji shi ne an ga aikinsu." Na tuna masa da gayya. Kakanninmu ba don neman wasa suke kai makaɗa gona ba: in mai gangar noma ya kama sunan saurayi yana yi masa kirari, kunyar noman da zai yi ta ninka, ga shi kuma ba a ƙara masa ko anini ba. Alhaji ya yi dariya ya ce in yi, amma kada in ci masa lokaci.

Da aka idar da sallar la'asar muka kashe inji, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mata daga gefe guda. Na yi niyya ba zan ce wa kowa "kana da ƙoƙari" in wuce ba. Wannan magana ce da ake faɗa wa kowa, don haka ba ta shiga zuciyar kowa. Duk wanda na kira sai da na faɗi abin da ya yi da lokacin da ya yi shi.

Na fara da Iya, shugabar matan da ke turara mana shinkafa. Mai saye a kasuwa ba ya sanin cewa kyan shinkafa tun daga tukunya yake farawa. In jiƙon bai isa ba, ko aka sauke ta kafin turiri ya ratsa ta, sai ka ga fari a tsakiyar ƙwayar, in ta shiga inji kuma ta kakkarye. In jiƙon ya wuce kima ta yi wari, in wuta ta yi yawa ta yi duhu. Iya ba ta da agogo, da ido da hanci take aiki, tana ganin ɓawon ya fara tsagewa ta san ta yi. Na faɗa a gaban kowa cewa dillalan da ke dawo mana suna neman "irin ta wancan karon", aikin hannunta suke nema. Da Alhaji ya miƙa turmin atamfa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, matan suka ɗauki guɗa. Daga baya ta aiko jikarta ta ce a gaya min, tun da take wannan sana'a ba a taɓa kiran ta don a yaba ba, sai in shinkafa ta ƙone. Wannan maganar ta tsaya min a rai, domin haka yawancin wuraren aikinmu suke. Ana sanin sunan ma'aikaci ne ranar da ya yi ɓarna.

Sai Baba mai gadi. Daren da iskar hadari ta taso a watan jiya, shi kaɗai ya janyo tamfol ya rufe shanya, ya danne da duwatsu, bai kuma gaya wa kowa ba, sai da safe muka gani. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, daren nan dukiyar mutane ka tsare." Ya ce, "Ai amana ce, ɗana." Yadin shadda aka ba shi. Yaron da ke kula da inji shi ma ya samu nasa, saboda tun da ya karɓi aikin bai taɓa bari bel ya tsinke mana a tsakiyar casa ba, kullum kafin a tayar sai ya duba.

Liman ya rufe da addu'a, ya kawo hadisin nan cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ya kuma haɗa da ɗayan, na a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. Na ji daɗi da ya haɗa su, don godiya ba ta maye gurbin lada.

Abin da Alhaji ya ji tsoro ma bai rasa faruwa ba. Babba a cikin 'yan dako ya tashi kafin a shafa fatiha. Na same shi a bayan sito, ya ce, "Manaja, mu da muke ɗaukar buhu a ka tun safe, ba a gan mu ba ke nan?" Yana da gaskiyarsa. Kuɗin sauke buhu bai motsa ba duk da yadda kayan masarufi suka tashi tun cire tallafin mai a 2023. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa bai shafe su ba, domin dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, balle masu aikin jinga. Irin waɗannan, in ka yabe su da baki kawai alhali aljihu na kuka, sai yabon ya zama kamar zagi.

Mun tayar da inji kafin magariba, kuma na lura masu shanya sun kwashe filin tas ba tare da an yi musu magana ba. Na buɗe sabon littafi, zan riƙa rubuta abin kirkin da na ga kowa ya yi, da kwanan wata, don a riƙa faɗa duk ƙarshen wata ba sai shekara ta zagayo ba. Gobe bayan an sauko daga Juma'a zan zauna da Alhaji kan kuɗin dako, na riga na fitar da lissafin abin da ƙarin zai ci a kan kowane buhu.