Ambulan da takardar yafiya

Talata, Agege.

Yau aka yi sadakar uku ta maƙwabcina mai turin ruwa, wanda danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ta buge da asuba a babban titin Legas zuwa Abekuta. Kurarsa tana nan ƙofar gida, jarkoki biyu a fashe, har yanzu ba wanda ya iya matsar da ita. Kwana biyu muka yi muna zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da mutuware kafin a sakar mana gawar.

Bayan la'asar mai motar ya zo da mutum biyu daga tasha, direban kuwa yana tsare. Ya durƙusa gaban wan mamacin, wanda duk muke kira Kawu, ya ajiye ambulan da wata takarda da aka buga da Turanci. Ni aka ba na karanta. Cewa take iyalan mamaci sun yafe, ba su da sauran magana har abada. Nan take aka fara: "Kawu, ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare." "A yafe, kuɗi ba sa dawo da rai." Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Amma raina ya ɓaci, domin duk masu cewa a yafe ba wanda zai ciyar da 'ya'yansa huɗu da ke ƙauye a Sakkwato.

Liman ne ya fitar da ni kunya. Ya ce, "Alhaji, an tambayi matarsa da ke takaba?" Wurin ya yi tsit. Ya karanto aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i: wanda ya yi kisan kuskure, diyya ce a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su ne suka yafe. Ya ce haƙƙin maraya ba ya yafuwa a bakin wani. Kawu ya tura ambulan ɗin baya, hannunsa na rawa, bai dangwala ba.

Da dare na kira ɗan ƙanwata, lauya ne a Ikeja. Ya ce, "Shari'a biyu ce. Ta laifin tuƙin ganganci ta gwamnati ce. Ta neman diyya kuwa ta mata da 'ya'ya da iyayen da ke ci a hannunsa ce, kuma dokar Legas ta ba su shekara 3 daga ranar rasuwa su shigar da ƙara." Sai an nuna sakacin direba: gudu, bin hannun da ba nasa ba, ko birki marar kyau. In kuma a bakin aikin mai mota yake, har mai motar ake haɗawa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne inshora. Wannan ta dolen, wadda masu motar gida ke biyan naira 15,000 tun Janairun 2023, mu duk takardar nuna wa 'yan sanda muka ɗauke ta. Ashe ɓarnar dukiya ce aka yi wa iyaka, naira miliyan 3 ga motar gida, rai kuwa ba a yanka masa iyaka ba. Matsalar ita ce ko takardar danfon ta gaske ce.

Na tambaye shi batun gadar sama ta masu tsallaka titi da ƙafa, don na ji 'yan tasha na cewa ai bai hau ta ba. Da kura cike da ruwa? Ya ce ko da kotu ta ga yana da nasa laifin, rage kuɗin take yi, ba ta soke shi.

Ya ce mu riƙe lambar motar, rahoton 'yan sanda, takardar shaidar mutuwa, da wanda ya gani da ido. Mai shayin bakin titi ya gani, kuma an ce Juma'a zai tafi gida. Gobe daga masallaci wurinsa zan wuce.