Kafin ka koyi kayar da mutum, koyi faɗuwa

Ƙannena maza da mata, duk wanda ya ce muku da zarar mutum ya fara koyon judo ko karate ko taekwondo zuciyarsa za ta yi sanyi, rabin magana ya faɗa muku. Wasannin nan suna iya kai mutum ga zaman lafiya da kansa da kuma jama'a, na ga hakan a jikina. Amma suna iya ɗaukar mai zafin rai su ƙara masa iya karya hannu, su bar masa zafin ransa yadda yake. Ni ta wannan hanya ta biyu na fara bi, shi ya sa nake so ku san inda na yi tuntuɓe.

Ramuwa ce ta kai ni wurin koyon judo. Akwai waɗanda suka daɗe suna cin zalina tun ina yaro, sai na shiga da niyyar wata rana zan nuna musu. Duk abokin atisayen da ya tsaya a gabana, fuskarsu nake gani a tasa. Shi kuwa malaminmu, maimakon ya koya mana kayarwa, sai ya yi ta sa mu faɗuwa. Ka manna haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ka mari tabarma da dantse da tafin hannu a lokaci guda, kada ka kuskura ka tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, ka tashi ka sake. Ina yi ina ƙunƙuni, a ganina ɓata lokaci ne. Sai daga baya na fahimci hikimar. Wanda yake tsoron ƙasa yakan sandare, wanda ya sandare kuwa duk taɓawa sai ya ɗauke ta a matsayin hari. Ranar da faɗuwa ta daina ba ka tsoro, ranar za ka fara iya tunani yayin da wani yake riƙe da kwalarka.

Wanda ya kafa judo, wani ɗan ƙasar Japan mai suna Jigoro Kano, ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokyo a 1882, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Malamin makaranta ne, kuma da idon malami ya dubi tsohuwar fasahar faɗa ta jujutsu. Dabarun da ke iya nakasa mutum ya cire su daga atisayen da ake yi da ƙarfi, ya bar su a darussan da ake yi a tsanake bisa tsari. Da wannan ne mutum biyu za su iya gwada iyakar ƙarfinsu yau, gobe kuma su dawo lafiya su sake. Ya ɗora komai a kan ginshiƙai biyu: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma cin moriyar juna. Na farkon ya burge ni tun ranar da na ji shi. Na biyun kuwa na ɗauke shi maganar manya kawai, irin wadda ake rubutawa a bango.

Wannan rainin ne ya jawo mini abubuwa biyu da har yau nake jin su.

A judo, idan aka murɗe maka gwiwar hannu ko aka shaƙe ka, kana bubbuga jikin abokinka ko tabarma da tafi, shi kuma dole ya sake ka nan take. Ni ina ganin bubbugawar nan wulaƙanci ce. Wata rana wani da ya fi ni ƙwarewa ya kama hannuna a tsakanin cinyoyinsa, ya fara ɗaga ƙugu a hankali, yana ba ni damar in miƙa wuya. Na cije leɓe na ƙi. Na ji wani abu ya yi ƙara a gwiwar hannuna, shi ma ya ji, ya sake ni a firgice. Na daɗe ina jinya. Abin da ya fi ciwon damuna shi ne yadda mutumin ya riƙa zuwa duba ni yana ba ni haƙuri, alhali laifin nawa ne. Taurin kaina ya sa bawan Allah ya ji wa ɗan'uwansa ciwo ba da sonsa ba. Ƙannena, ku bubbuga da wuri. Wanda ya saba cewa "ka yi nasara" a kan tabarma ba tare da jin duniya ta tashi ba, zai iya cewa "na yi kuskure" a gida da wurin aiki, kuma yawancin rigingimun da na gani a rayuwata rashin iya faɗin wannan kalma ne ya hura su.

Na biyun ya fi muni, don a kan wani ya faɗa. An haɗa ni da wani sabon ɗalibi da bai gama iya faɗuwa ba. Ƙa'ida ita ce idan ka kayar da mutum ka riƙe hannun rigarsa ka ɗan ja sama, don ya sauka a gefensa, kansa bai taɓa ƙasa ba. A ranar raina a ɓace yake kan wani abu da bai shafe shi ba. Na ɗaga shi na maka da ƙasa, na sake hannun rigar. Ya daɗe a kwance yana neman numfashi, ya tashi bai ce komai ba, kuma bai ƙara dawowa ba. Yaro ne da ya ba ni aron jikinsa don in koya, na ci amanarsa. Malam bai yi mini tsawa ba. Ya ce in cire ɗamara in zauna a gefe, ya kuma hana ni kayar da kowa na tsawon lokaci: ni za a riƙa kayarwa, sababbin ɗalibai su koya a jikina. A can ne na san yadda ake ji idan ka miƙa kanka ga hannun da ba ka san nufinsa ba.

Kada ku ɗauka ni kaɗai wasan faɗa ya taɓa kasa gyarawa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu da lokacinsa, hukumomin Japan sun yi amfani da waɗannan wasanni wajen cusa wa matasa aƙidar yaƙi, har ta kai bayan 1945 sojojin mamaya suka hana koyar da su a makarantu na wasu shekaru. Morihei Ueshiba, wanda ya kafa wani wasan faɗan da ake kira aikido, shi kansa tsohon soja ne, ya kuma koyar a makarantun soja. A 1942 ya bar Tokyo ya koma ƙauyen Iwama yana noma yana atisaye, kuma aikidon da ya bar wa duniya ya ginu ne a kan kauce wa hari da rinjayar maharin ba tare da an halaka shi ba. Hannun ɗaya ne, niyyar ce ta sauya.

A 1986 wani mai bincike a Amurka, Michael Trulson, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da matasa masu halin tayar da fitina. Wasu an koya musu taekwondo irin na gargajiya, tare da nutsuwa da girmama juna da bayanin manufar wasan. Wasu kuma naushi da shuri kawai aka koya musu. Bayan wata 6, na farkon zafin kansu ya ragu, na biyun kuwa ƙaruwa ya yi. Matasan ba su da yawa, don haka ban ɗauke shi hujjar ƙarshe ba, amma ya yi daidai da abin da idona ya gani. Manzon Allah (SAW) ya riga ya faɗa mana cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa a lokacin fushi. Na haddace wannan hadisin tun ina ƙarami, amma sai da na iya kayar da mutum sannan na san nauyinsa, don mai rauni yakan yi haƙuri bisa dole, wanda ya iya kuwa sai ya zaɓa.

Zaɓin nan zai zo muku a kan titi. Wani zai zage ku, jikinku ya riga ya ga inda ƙafarsa take da rauni, abokai suna zuga ku. Ku tuna cewa kwalta ba tabarma ba ce, kuma shi bai koyi manna haɓa da ƙirji ba. Kayarwar da kuke yi kullum a wurin atisaye ana tashi ana dariya, ita ce za ta iya fasa ƙeyar mutum a waje. Ba kuma ku san abin da ke cikin aljihunsa ba. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate daga tsibirin Okinawa zuwa Tokyo a 1922, ya koyar da cewa a karate ba a fara kai hari. Kare kai idan an rutsa da ku halas ne, amma muddin akwai hanyar wucewa, ku wuce, ko da za a kira ku matsorata. Waɗancan da na shiga judo domin su, na haɗu da ɗayansu bayan shekaru, muka gaisa muka rabu, ban ji komai a ƙirjina ba.

Saboda haka kafin ku ba wani malami kanku, ku je ku zauna a gefe ku yi kallo. Kada lambobin yabon da ke bango su ɗauke muku hankali. Ku dubi yadda mai baƙar ɗamara, wato ƙwararre, yake riƙe sabon shiga, ko ana sakin mutum da zarar ya bubbuga, ko malam yana yabon wanda ya yi faɗa a unguwa ko kuwa yana hukunta shi, ko mata da masu ƙaramin jiki suna atisaye hankalinsu a kwance. Idan kun ga ana yi wa wanda aka kayar dariya, ku nemi wani wuri. Idan kuma kun san da ramuwa a ranku kuka zo, ku faɗa wa malam tun ranar farko, don ya san da wa zai haɗa ku da kuma lokacin da zai ce ku zauna ku huce.