Talata, ranar da aka kawo mai mashaƙo

Da hantsi wata mata ta shigo asibitinmu da yaro ɗan shekara shida, wuyansa a kumbure, yana numfashi da ƙyar. Na danne harshensa na haska, sai ga farar fatar nan mai ruwan toka ta lulluɓe maƙogwaro. Gabana ya faɗi. Mashaƙo ne, irin wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 har ya zarce 2023.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ta ce kwana biyar. Sun fara da wanzami ya cire masa beli, daga nan mai kyamis ya ba su kafso, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa suka taho. Katin rigakafinsa allurar penta, wadda ke kare yara daga mashaƙo da wasu cututtuka, ɗaya ce a ciki, alhali uku ake yi, a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa.

Ƙa'ida ita ce a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma cikin awa 24, ko da zargi ne. To amma wa ya fara ganin yaron? Wanzami da mai kyamis, kuma ba wanda ya taɓa ba su lambar kowa. Ni da nake da lambar, sai da na hau tudun bayan makaranta kafin sabis ya kama, da katin aljihuna.

Rigimar ta taso ne da kakan yaron ya ji za a rubuta sunan gidansu. Ya ce, "'Yar nan, so kike a riƙa nuna mu a kasuwa?" Ya kawo zancen gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Ban musa masa ba, don abin ya faru. Mai unguwa ne ya raba gardamar. Ya ja shi gefe suka jima, ya yi masa alkawarin shi da kansa zai raka yaron. Nan take tsohon ya faɗi wasu gidaje biyu da yara ke ciwon wuya.

Bayan la'asar motar asibiti ta tafi da su. Gobe da sassafe za mu bi gidajen da maganin kariya da allura, kuma zan biya ta wurin wanzamin in ba shi lambata.