Abin da Babur Ya Koya Mini Kafin In Kama Sitiyari

A filin horo, kafin a bar ɗayanmu ya hau titi, malaminmu ya daɗe yana sa mu zagaya alamomin da ya jera a ƙasa, muna sakin kuloci kaɗan-kaɗan har hannu ya gane daidai inda yake fara kamawa. Daga nan muka koma kan birki, inda na koyi cewa na gaba ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa, kuma matsa shi ake yi a hankali, ba a damƙe shi lokaci guda. Duka biyun sun amfane ni da na fara tuƙin mota, musamman wajen tashi a kan hawa.

Sai dai abin da ya fi zame mini jiki shi ne aikin ido. Babur yana bin inda mai shi ya kalla, saboda haka wanda ya zuba wa rami ido, cikinsa zai faɗa. An horar da mu mu riƙa hangen ƙarshen kwana tun kafin mu shige ta, mu kuma lura da fuskar kwalta: yashi, fentin layi idan ya jiƙe, da santsin da ruwan farko ke tasowa da shi daga man da ya zuba. Direban da bai taɓa hawa babur ba yakan wuce waɗannan bai gan su ba, domin taya huɗu suna rufa masa asiri. Haka nan waiwaye kafin sauya hannu, wanda har yau nake yi a mota, tunda akwai gefen da madubi ba ya nunawa.

Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, wanda ya fito a 1981 bayan nazarin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa a kusan kashi biyu cikin uku na karon babur da wani abin hawa, ɗaya direban ne ya shiga gaban mai babur. Wannan ya sa a mararraba nake kallon tayar gaba ta motar da ke jira, domin ita ke fara nuna motsi, kuma in ni ne a sitiyari, sai na duba sau biyu kafin in karya kwana.

Ba kome ne ke bin mutum ya shiga mota da shi ba. Faɗinta sai an koya daga farko, ɗabi'ar kutsawa ta ƙaramin sarari kuwa dole a bar ta gaba ɗaya. Ginshiƙan da ke riƙe gilashin gaba ma suna iya ɓoye babur sukutum da mai shi, don haka nakan ɗan karkata kai in leƙa bayansu kafin in fita daga mahaɗa.