Tambayar da na haɗiye a gaban dattijo

Jiya na miƙa littattafan asusun gama kai na ma'aikatan makarantarmu ga sabon ma'aji, bayan shekara tara suna hannuna. Da muka gama ƙirga rasit-rasit, ya ce, "Malam, ba ka da wata magana gare ni?" Na ce masa zan rubuta, domin abin da ke raina ya fi ƙarfin hirar bakin ofis.

A shekarata ta huɗu ne mutumin ya zo. Shugaban kwamitinmu ne ya kawo shi, dattijo a ikilisiya, sa'an mahaifina, wanda tun ina makarantar Lahadi nake durƙusa masa. Baƙon bai fara da maganar kuɗi ba. Ya roƙa a yi addu'a, ya ta da waƙa muka amsa, sannan ya ba da shaidar yadda Ubangiji ya ɗaga shi daga talauci har idonsa ya cika da hawaye. Sai can ya ce yana sayen citta a wajen Kachia yana fitarwa ƙasashen waje, kuma ba ya so ya ci wannan albarka shi kaɗai. Duk abin da muka zuba, kashi 15 cikin ɗari zai riƙa dawo mana kowane wata.

Ni ɗan manomi ne. Na san sau ɗaya ake haƙar citta a shekara, a fasa ta, a shanya, a jira kasuwa. Ina amfanin gona da ke haihuwa duk wata? Kuma ba a daɗe da yin MMM ba, tsarin zuba kuɗin nan da ya yi wa mutane alkawarin kashi 30 a wata, Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi aka toshe kunne, har ya daskarar da asusun jama'a a watan Disamba na 2016, ana gab da Kirsimeti. Ni da bakina na bayyana wa ɗalibai yadda abin yake: da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sabbin shiga suka ƙare kuwa, shi ke nan. Na san wannan sarai. Amma wancan ta intanet ya zo, wannan kuwa da Littafi Mai Tsarki a hammata ya shigo, yana kirana ɗan'uwa.

Sau ɗaya na buɗe baki. Na ce, "Baba, da za mu je mu ga siton, mu kuma ga takardar rajistarsa." Dattijon ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Ɗana, kada ka zama Toma. Ba a yi wa Allah lissafi." Yana nufin almajirin nan na Yesu da ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya gaskata. Aka yi dariya, ni ma na sunkuyar da kai. Ranar Laraba na sa hannu a cak.

Wata uku riba na shigowa daidai ranarta. Na huɗu muka ninka abin da muka zuba, har wasu suka kawo kuɗin sayar da akuya. Na shida wayarsa ta mutu. Da muka je adireshin da ya bayar, shagon ɗinki muka tarar.

Abin da har yau bai bar ni ba shi ne zaman majalisar dattawan ikilisiya. Shugaban kwamitinmu ya miƙe ya ce shi bai san lissafi ba, ma'aji ne mai ilimin boko, shi hannu kawai aka ce ya sa. Babu wanda ya tuna da maganar Toma, ko kuwa sun tuna suka yi shiru. Ni aka dakatar wata uku aka binciki asusuna na banki. Ba a sami kobo ba, amma ba a taɓa tsayawa a gaban ma'aikata an faɗi haka ba. Na gafarta masa, ina gaishe shi duk Lahadi. Sai dai laifinsa ba ya wanke nawa: na ga ramin da idona, kunyar babba ta sa na taka.

A watannin nan uku na zauna da Joshuwa sura 9. Gibeyonawa sun zo da tsofaffin takalma da busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga nesa suke, suka kuma ambaci sunan Ubangiji. Aya ta 14 ta ce mutanen Isra'ila sun karɓi guzurinsu amma ba su nemi shawarar Ubangiji ba. Mu mun yi addu'a, amma bayan mun riga mun yanke shawara a zuci. Albarka muke nema a kan kwaɗayinmu. Kuma wanda ya zo ruɗinmu ne ya jagoranci addu'ar.

Na kuma sake karanta labarin Toma. Yesu bai kore shi ba, hannuwansa ya nuna masa. Mai gaskiya ba ya jin tsoron a duba. Yohanna ya ce a gwada ruhohi, kada a gaskata kowanne. An yabi mutanen Biriya domin sun riƙa bincika Nassosi kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus ɗin kansa, da za a kai gudummawa Urushalima, ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa don kada a zarge su a kan kuɗin, kamar yadda ya bayyana a 2 Korantiyawa sura 8. In manzo ya yarda a sa masa ido a kan kuɗi, wane ne mai citta?

Sauran abubuwan gajeru ne. Wanda ya ce yau ne kawai dama, a bar shi ya tafi da damarsa. Takardar rajistar kamfani ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, a bincika a SEC, hukumar da ke kula da harkokin zuba jari. Duk tambayar da ka yi a taro, ka tabbata sakatare ya rubuta ta. Da an rubuta tawa, da ba ni kaɗai na tsaya a gaban dattawa ba.

Shekara biyar muka yi muna cike giɓin kaɗan-kaɗan, kuma littattafan da na miƙa jiya babu bashin kowa a ciki. Wadda na fara biya ita ce Mama mai dafa wa yara abinci, gwauruwa, wadda kuɗin makarantar ɗanta ya tafi a ciki. Da na kai mata, ta ƙirga sau biyu, ta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Malam, ran nan da ka yi tambaya na so in goyi bayanka, amma wa zai saurare ni?"