Arba'in ɗin Gwaggo a Matamaye

Ban samu jana'izar Gwaggo ba, ban samu sadakar uku ko ta bakwai ba, don haka da arba'in ta matso na ce ko da rarrafe sai na je Matamaye. Yayar mahaifinmu ce. An kai ta aure can tun Faransawa na mulkin Nijar, ta rasu tana dab da shekara casa'in, kuma kusan duk rayuwarta a kan keken ɗinki ta yi ta. Ni ma sana'ata ke nan a Kano.

Daga Kano zuwa Daura ta Kazaure babu abin faɗi sai tsadar kuɗin mota. A Mai'adua na yi canji, nan raina ya fara ɓaci. Na miƙa wa ɗan canji ƙullin naira, ya miƙo mini 'yan takardun da ba su cika tafin hannu ba. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu! Mu da muka tashi muna ganin 'yan uwanmu na can suna rububin naira in sun zo.

Shingaye kuwa ba sa ƙirguwa. A ɗaya daga ciki, ba zan ce wanne ba, wani jami'i da na haife shi ya zazzage mini jaka a ƙasa, ko gaisuwa babu. Ya ɗaga alawayyon da na ɗauko na sadaka yana cewa kayan sayarwa ne. Na ce, "Yaro, wannan likkafani ake yi da shi." Ya ce ko kabari na ɗauko sai na biya. Direba ne ya ja shi gefe ya ba shi na goro, muka wuce ina ta Allah ya isa a zuci.

Bayan Kongolam da Dan Barto sai ƙasa ta ba ni mamaki. Na zaci rairayi zan gani fetal, sai ga gonaki cike da gawo, kore shar a tsakiyar rani. Wani dattijo a motar ya ce tun bayan farin shekarun 1980 manoman yankin suka daina sare tsiron da ya fito da kansa, suke gyara shi su bar shi ya girma. Mu a wajenmu da tuni an mayar da su buhunan gawayi. Rake kuma ga shi tsibi-tsibi a bakin hanya, daga fadamun yankin.

A tasha na tare ɗan kabu-kabu, na fara kwatance. Ya katse ni: "Hajiya, gidan tsohuwa mai keke za ki ce." Da muka isa ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce ita ta ɗinka likkafanin mahaifiyarsa da tsakar dare, ita ta yi mata wanka, ba ta karɓi komai ba. Na ture masa kuɗin, ya ture mini, har sai da na ji kunya na mayar jaka.

'Yarta ta fari, wadda nake ce wa Yaya, ta sauke ni a ɗakin marigayiyar, ta dama mini furar da rabona da irinta na manta. Da dare mata suka cika tsakar gida, kowa da abin da za ta tuna. A nan na san wace ce Gwaggo, ni da nake zaton na san ta. Alawayyo ba ya yankewa a ƙarƙashin gadonta, don kada a yi rasuwa a rasa sutura. A yunwar 1984, wadda su a can suke kira da sunan Buhari saboda a shekarar ya rufe iyaka, buhunan kayan agaji take wankewa ta ɗinka wa yaran da suka kwararo daga ƙauyuka riguna. Da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a yankin Maraɗi a 1991, ya iso garinsu, akwatin ƙungiyarsu mai kwaɗo uku ne, ɗaya daga makullan yana ɗaure a bakin zaninta shekara da shekaru. Lokacin da magidanta ke ɓoye yara daga masu rigakafin shan inna, ita ake sakawa gaba. In ta yi sallama a gida babu mai iya cewa yaran ba sa nan, don ita ta ɗinka kayan sunan kowannensu.

Kada a ɗauka waliyyiya ce. Faɗa ne da ita. Wata da ta koyi ɗinki a hannunta ta ce sau da yawa takan kwance aikin yini guda saboda layi ya karkace, ta kuma bi ki da baƙar magana. Kuɗin koyo tiyar gero ne, in babu ki yi shara. Yankanta ma tsohon yayi ne, har ta bar duniya ba ta yarda da matsattsun kaya ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne littafin bashi. Yaya ta ɗauko shi daga cikin kwalla, an rubuta da ajami, suna da kuɗi, suna da kuɗi, kusan duk an ja musu layi. Na ce ashe mutanen garin suna biya. Yaya ta yi dariya ta ce duk goman ƙarshe na azumi take zama ta soke. A matsayina na tela na ce wannan ba kasuwanci ba ne, kuma har yanzu ban canza ra'ayi ba. Ni ba na saka almakashi a yadi sai an ba ni rabin kuɗi, kuma da haka nake biyan hayar shago da man janareta. To amma ita ba ta da haya, ba ta da janareta, gero kuma bai taɓa yankewa a rumbunta ba, makwabta ke kawowa da kaka ba tare da an roƙa ba.

Keken nata Singer ne na takawa, da kuɗin gyaɗa mijinta ya saya mata zamanin Diori, shugaban Nijar na farko. Na zauna na gwada, ya fi nawa na zamani laushin tafiya. An ɗan yi ka-ce-na-ce tsakanin jikoki kan wa zai ɗauka, a ƙarshe Yaya ta yanke cewa matan asusu za a ba, su ci gaba da koyar da 'yan mata.

Washegari aka yi addu'a, aka raba waina da goro. A kasuwa na sha wahalar lissafi, don komai da dala-dala suke ƙirga shi, wato sefa biyar-biyar, amma ciniki a natse ake yi, sai an tambayi gida da gajiya kafin a faɗi kuɗi. Atamfa dai ta fi araha a Kantin Kwari nesa ba kusa ba.

Na leƙa Damagaram, na ga ƙofar fada da unguwar Birni a gurguje, na sayi kilishi na tsaraba. Dawowa aka sake bin shingayen nan ɗaya bayan ɗaya. Motar ta yi faci a Kazaure, kuma a nan mu fasinjoji muka cinye rabin tsarabar.